Wane fenti zan sa wa Hiace ɗina?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Yayana ya aiko min da kwalin ƙaramar Hiace ta roba ta kamfanin Aoshima, 1/24 (wato an rage girman ta gaske sau 24), irin wadda kai za ka haɗa da kanka. Niyyata in mai da shi trotro sak, wato bas ɗin hayarmu ta Ghana, da lamba mai ruwan ɗorawa ta AS ta yankin Ashanti da rubutu a gilashin baya. Ban taɓa fenti ba. Wane fenti da wane gam zan nema a nan Kumasi? Don Allah a taimaka, ko ledar ban yage ba tukuna.

Baban Hafsat: Wa alaikumus salam. Ma sha Allah, turo hoton kwalin mu gani.

Autan Tafo: Ka kai Magazin kawai, unguwar makanikai ta Suame, masu feshi su watsa maka ragowar fentin da ke cikin bindigarsu. Minti biyar an gama.

Kawu Mai Rediyo: A'a! Ɗana, kada ka kuskura. Auta, ka yi haƙuri, amma wannan shawarar ita ta cinye min mota, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Land Cruiser 80 ce ta kamfanin Tamiya, wani abokina ya kawo min daga tafiya. Wata biyu ina haɗa cikinta da daddare bayan na rufe shago. Kujeru, sitiyari, har maɓallan gaban direba da tsinken sakace na ɗiɗɗiga musu launi. Da ya rage bodi sai na ce bari in ba masu sana'a. Na kai wa wani mai feshi, mutumin kirki ne, ya karɓa da murna, ko sisi bai ce in ba shi ba. Ya ɗora bodin a kan gwangwani ya sakar masa fentin mota yadda ya saba yi wa ƙarfe, jiƙe sharkaf a tashi ɗaya. Da farko sai ƙyalli kamar madubi, har yaransa suna tafi. Kafin in kai tashar mota saman ya fara yamutsewa kamar fatar tsohuwar goruba. Da na isa gida layukan ƙofofi sun cike sun shafe, rufin ya ɗan lotsa, in ka danna da farce sai ya shiga. Tinar da suke haɗa fentin mota da ita tana da zafi, cin irin wannan robar take yi. Shi bai sani ba, ni ma ban sani ba.

Na jiƙa shi a man birki kwana biyu, fentin ya fita, amma robar da ta riga ta ƙone ba ta dawowa. Na goge da samfefa har yatsuna suka yi kanta, a banza. Yanzu ƙasan motar da kujerunta suna cikin kabad ba bodi.

To ga abin da na koya daga baya. Ka wanke bodin da ruwan sabulun wanke kwanuka, ya bushe sarai, don akwai maiƙon masana'anta da na hannunka a jiki. Ka bi shi a hankali da samfefa mai laushi, mai lamba 1000 ko sama. Sai firaima, wato fentin shimfiɗa na farko, siriri. Fentin gwangwani da ake sayarwa a Adum da Kejetia yana yi, amma ba kowanne ba, shi ya sa dole ka gwada tukuna. Ka ajiye farin cokalin roba na mai shinkafa da wake, yawanci dangin roba ɗaya ne da na motar. Fesa a bayansa ka bar shi ya kwana. In ya yamutse, motarka ma haka za ta yi. In ya kwanta lafiya, bismillah. Wajen fesawa ka ja baya kamar taƙi ɗaya da rabi, hannu yana tafiya, kada ka tsaya wuri guda. Zagayen farko ya zama kamar yayyafi, har kana ganin firaimar ta ƙasa. Ka jira, ka sake, ka jira, ka sake. Gaggawa ce ke kashe mota.

Autan Tafo: Kawu, ban san haka ba wallahi. Na janye. Ni na ƙarfe nake yi, su ba ruwansu da tina.

Yaya Tela: Allah Ya mayar da alheri Kawu. Wata biyu ba wasa ba.

Baban Hafsat: Ku ƙara da maganar yanayi. Yanzu damina ce, in ka fesa da yamma bayan ruwa ya ɗauke, fentin zai yi fari-fari kamar an hura masa hazo, danshin iska ne ke shiga ciki. Ka bari sai ranar da rana ta buɗe, wajen hantsi. Da hunturu kuma ƙura ce abokiyar gaba, da ka fesa ka kife babbar roba a kai.

Ɗan Nima: Mu nan Accra iskar teku ta fi taku jiƙa. Ni a ruwan ɗumi nake tsoma gwangwanin kafin in fesa, fentin ya fi fita da laushi. Ɗumi fa na ce, ba tafasasshe ba, kuma kada ya kusanci wuta.

Ɗan Aboabo: Na gode ƙwarai. Ko in ce Yaya ya sako min fentin Tamiya a jaka in zai dawo?

Ɗan Nima: Gwangwanin feshi ba ya hawa jirgi, za su cire shi a filin jirgi. Kada ya yi asarar kuɗinsa.

Autan Tafo: Ni dai har yanzu ban ga abin da ya kai na ƙarfe sauƙi ba. Je wajen masu baza tsofaffin kayan wasa a Kejetia, ka tsinci ƙaramar motar ƙarfe ta Hot Wheels ko Matchbox da ta kwarzane. Juya cikinta, ƙusoshi biyu ne ke riƙe da ita, ka huda kansu, motar ta rabu gida-gida: bodi, gilashi, kujeru, ƙasa. Ka kankare fentin, ka sake sabo, ka canza tayu daga wata. In ta lalace ba ka yi kuka ba. Matchbox a 1953 aka fara yin su a Ingila, Hot Wheels a 1968 a Amurka, wani lokaci sai ka tsinci tsohuwa a cikin tarin. Duba rubutun ƙasa kafin ka huda!

Yaya Tela: Wannan 1/64 da ko ɗan yatsa bai fi ba? Ina ka ga wurin rubutu a jiki? Hiace ɗin yaron nan ya kusa santimita 20, har labule zan iya ɗinka masa.

Autan Tafo: To ɗinka mu gani, Yaya. Tun bara kake cewa za ka yi wa Beetle ɗinka kujerun yadi.

Yaya Tela: Ɗinkin sallah ne ya tare ni, kowa ya sani.

Maman Bilal: Salamu alaikum, ku yi haƙuri na shigo tsakiya. Bilal shekararsa 9, ya ga motocin Baban Hafsat ya hana ni barci. Wanne ya dace da shi?

Baban Hafsat: Maman Bilal, kada ki fara masa da mai gam da reza. Akwai na Maisto na ƙarfe da ake ɗaurewa da sukurudireba, an riga an yi masa fenti. Ki kawo shi gida ranar Asabar su zauna da Hafsat.

Alhaji na Alabar: Ni kuwa da za a ji tawa, a bar yaro ya fara da gwangwani. Mu da gwangwanin madara da na Milo muka tashi. Ka buɗe shi ka daddale da dutse, ka lanƙwasa bodi, ka yanko taya daga tsohon silifa, waya ta zama gindi, doguwar sanda ta zama sitiyari. Har sifirin muke sa wa, motar tana lilo in ta hau kwalbati. Wanda ya iya wannan, hannunsa ya riga ya san awo. Bedford ɗin katako da ke shagona, da sandunan askirim na yi bodinta, ba kwalin da ya zo daga ko'ina.

Kawu Mai Rediyo: Gaskiya ne Alhaji. Wannan Bedford ɗin ta fi duk abin da muke haɗawa, har ƙaramin tsanin baya da benci-bencin ciki.

Ɗan Nima: Ɗan Aboabo, wane launi ma za ka sa? Kada dai ka ce ja.

Autan Tafo: Ja mana! A Kumasi yake. Jan ƙungiyar Asante Kotoko, da beguwa a ƙofa.

Ɗan Nima: Ja da ɗorawa da shuɗi ya fi kyau a jikin bas, ko makaho ya shafa ya san Hearts of Oak ce.

Autan Tafo: Ku zo filin wasa na Baba Yara ku faɗi haka.

Baban Hafsat: Don Allah a bar ƙwallo, akwai zaurenta daban.

Ɗan Aboabo: Fari zan sa, kamar wanda nake hawa zuwa Tafo. A baya ina so in rubuta Allah Ya Isa.

Malam na Asawase: Ɗana, shawara ce. Abu ne da zai iya faɗuwa ƙasa, ƙannenka su ja shi a tsakar gida, a tsallake shi. Ka bar sunan Allah, ka sa wani abu kamar Haƙuri Maganin Duniya. Shi ma ana ganinsa a jikin motoci.

Ɗan Aboabo: Na karɓa Malam, Allah Ya saka.

Yaya Tela: Rubutun da lambar ka ba masu buga sitika su rage maka girma a kwamfuta. Ka auna gilashin da rula ka kai musu awon. Da buroshi ba zai miƙe ba.

Ɗan Aboabo: To gam ɗin fa? Ba wanda ya ce komai. Ina da sufa gulu a gida.

Kawu Mai Rediyo: Kada ya kusanci gilashi ko fitila. Tururinsa yana barin farin tabo a kan roba mai haske, ba ya gogewa da sauƙi. Gilashi da farin gam na kafintoci ake sa shi, in ya bushe ba a ganinsa. Sauran sassan, ainihin nasu shi ne Tamiya mai koren murfi, narkar da bakin robar yake yi su haɗe su zama ɗaya. Ina da rabin kwalba. Ka biyo shago bayan la'asar da ƙaramar kwalba mai murfi, kuma ka taho da kwalin in ga yadda aka raba gilashin.

Alhaji na Alabar: In za ka je wurin Kawu ka tsaya wajena, akwai ragowar siririyar waya, ka yi wurin ɗora kaya a saman motar. Trotro ba kaya a sama ba trotro ba ne.

Maman Bilal: Baban Hafsat, Asabar ɗin ƙarfe nawa?