Haɗin gida na fata da na ido: ku ba ni shawara

Maman 'yan makaranta: Assalamu alaikum 'yan uwa. Tunda hunturun nan ya shigo fatata ta bushe ƙamas, dunduniya duk faso, ga wasu fararen tabbai a wuya da ƙirji kamar kyasbi. Ina da man kaɗanya da kurkum da zuma, yaya zan haɗa? Na biyu kuma shi ya fi damuna. 'Yata mai shekara 4 ta tashi jiya ido jawur, kwantsa ta liƙe gashin idon. Hajiya, mahaifiyar maigidan, ta ce in ɗiga mata ruwan nono tunda ina shayar da ƙaninta, sannan in sa mata kwalli. Maƙwabciyata kuma ta ce ruwan sukari. Ban yi ko ɗaya ba, amma Hajiya za ta tambaye ni da yamma.

Mai gyaran amare: Wa alaikumus salam. Na fata mai sauƙi ne. Ki zuba man kaɗanyar a kwano, ki ɗora cikin ruwan zafi ya narke a hankali, kada ki sa shi kai tsaye a wuta. Ludayi biyu na man kaɗanyar, cokali biyu na man kwakwa, ki buga har ya yi laushi. Da kin fito wanka, jiki da sauran danshi, ki shafa. Faso kuwa ki jiƙa ƙafa a ruwan ɗumi, ki goge da dutsen kaushi, ki lafta man, ki kwana da safa. Kurkum da zuma na fuska ne, minti goma ki wanke, kuma da tsohuwar riga, don kurkum ba ya fita a zane. Ki fara gwadawa a cikin hannu, ya kwana biyu. Lemon tsami kam ki bar shi, na ga amaryar da ta shafa ta shiga rana, fuska ta ƙone ana saura kwana uku kamu.

Anti mai aikin jinya: Ƙanwata, ki bar min idon nan. Fata in haɗi bai karɓe ta ba a wanke, ta huce. Baƙin ido kuwa in ya yi gyambo, hakiya yake bari, kuma ba ta gogewa. Ruwan sukari, ruwan albasa, fitsari, duk na ga ƙarshensu a wurin aiki. Ruwan nono ma ba maganin ido ba ne. Kwallin gargajiya mai ƙyalli dutsen dalma ne, gubar da ta kashe yara sama da 400 a Zamfara a 2010. Can daga haƙar zinare ta fito, amma dalma ɗaya ce, yaro kuma ya murza ido ya kai hannu baki.

Abin da za ki yi a gida: tafasa ruwa ya huce, ki goge kwantsar da auduga daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Ki ware mata tawul, ki yawaita wanke hannu saboda jaririn. Ki kai ta asibiti a duba. In tana gudun haske, ko fatar idon ta kumbura, ko kin ga fari a baƙin idon, yau ɗin nan, ba gobe ba. Kada kuma a sayi maganin ɗigawa a kemis da ka, wasu suna ɗauke da sinadarin da ke hawar da jinin ido.

Uwar gida: Idon nan ƙila afolo ne, mu gidanmu bara kowa sai da ya yi. Kyasbin kuma mai ba ya kashe shi. Ni wani magani mai suna kilotirimazol aka rubuta min, amma farin ya daɗe kafin ya saje.

Yaya Babba: Maganar Hajiya, kada ki yi musu da ita. Ki sa ɗanta ya ce mata shi ya ce a fara zuwa asibiti. A wane gari kike? In Kano ne akwai asibitin ido na ECWA a Sabon Gari, Kaduna kuma akwai Cibiyar Ido ta Ƙasa.

Maman 'yan makaranta: Kano nake. Na gode ƙwarai, Allah Ya bar zumunci. Na goge mata idon ya buɗe, na kira babanta, ya ce in shirya ta yana tafe. Kwallin na ɗaga shi saman durowa.