Tayar da tsohuwar Massey Ferguson 135: ina ake samun kayanta na hannu, me kuma ake dubawa kafin a biya?

Manomin_Kadawa:
Assalamu alaikum. Masana tarakta, ina neman shawara. Akwai MF 135 mai injin Perkins silinda uku da ta daɗe a ajiye, ana so a tayar da ita don haro da jan tirela. Da aka buɗe injin an tarar saman silinda ya tsage, karanshaf ya ci, famfon injekta ya kafe, hannuwan ɗaga garma kuma ba sa motsi. Giya da aksul na baya lafiya lau. Wanne kaya ya kamata a saya na hannu, wanne ne dole sabo? A wace kasuwa? Ko a haƙura a nemi cikakken injin Beljiyam a ɗora?

Oga_Tantan:
Wa alaikumus salam Malam. Kafin ka taka kasuwa, kwafi lamba biyu a takarda: ta tarakta da ke kan ɗan farantin ƙarfe kusa da sitiyari, da ta injin da aka buga a jikin bulok. An ƙera 135 daga 1964 zuwa wajen 1975, a Coventry ta Ingila da Beauvais ta Faransa da kuma Amurka, kuma a tsawon shekarun nan an canja abubuwa da dama. Cewa mai shago "na 135 ne" bai wadatar ba.

Injinka AD3.152 ne, lita 2.5, faɗin silinda milimita 91.4. Yana da ɗan'uwa mai suna A3.152 wanda ke kan MF 35 da 35X. A ido kamar tagwaye suke, amma saman silinda da fistin da nozul ɗinsu ba ɗaya ba ne. Fistin na AD yana da rami a kansa domin kai tsaye ake fesa masa mai. Idan aka kawo maka saman silinda na 35X, ka mayar. Lambar injin AD na baya-baya tana farawa da CE.

Abin da zai sauƙaƙa maka shi ne wannan injin bai mutu a duniya ba. MF 240 da kamfanin Millat ke haɗawa a Pakistan shi take ɗauke da shi, don haka fistin, ringi, silib (rigar ƙarfe ta cikin silinda), metal (ƙarafan da karanshaf ke juyawa a kansu), gasket, famfon ruwa da famfon baƙin mai duk ana samunsu sababbi. Waɗannan kada ka saye su na hannu ko da kyauta aka ba ka. Na hannu ana nemansa ne a manyan ƙarafa: bulok, saman silinda, karanshaf, fulawil, murfin haidirolik, gidan sitiyari, aksul na gaba, rim.

Wuraren nema: Kofar Ruwa a Kano, Panteka a Kaduna, sai Ladipo a Legas idan Beljiyam kake so. Amma kayan tarakta irin wannan sun fi yawa a bayan garejin masu gyaran tarakta da manyan gonakin da suka daina aiki, da kuma lokacin da ma'aikatun gona ko ƙananan hukumomi suka yi gwanjon matattun injuna. Ka kuma bar lambar wayarka wurin 'yan gwangwan na yankinku. Su a kilo suke saye, a kilo suke sayarwa, kuma idan ba wanda ya riga ya yi magana, da guduma za su farfasa bulok mai lafiya su loda a mota zuwa kamfanin narka ƙarfe.

Mai_Karanshaf:
Oga ya gama magana a kan lamba. Ni zan tsaya a kan gwaji, domin a nan kuɗi ke ƙonewa.

Karanshaf: ka je da maikiromita (ma'aunin kauri), ko da wanda ya iya riƙe ta. Asalin kaurin wuyan men (inda karanshaf ke zama a bulok) kusan milimita 69.8 ne, na kon-rod (sandar fistin) kusan 57.1. Ana goge shi sau uku, 010 da 020 da 030 (wato a rage inci 0.010, 0.020, 0.030), kuma kowane mataki da metal ɗinsa. Wanda aka riga aka kai 030 ba shi da sauran rai, kada arha ta ruɗe ka. A auna kowane wuya a wuri biyu a gicciye, domin yakan ci ya zama kamar ƙwai. Inda ka ga ya yi shuɗi, ya taɓa ƙonewa saboda rashin mai. Sannan a rataye shi da igiya a ɗan buga da ƙaramar guduma: mai lafiya yana amo mai tsawo, mai tsagewa amonsa gajere ne a dushe. Shi ma naka da ka ce ya ci, a fara auna shi. Idan bai taɓa zuwa wurin guga ba, gyaransa ya fi sayen wanda ba ka san tarihinsa ba.

Abu ɗaya da ke mayar da mutane kasuwa: bayan karanshaf iri biyu ne. Na farko-farko sil ɗin igiya suke amfani da shi, na baya sil ɗin roba, kuma gindin karanshaf ɗin da gidan sil ɗin sun bambanta. Idan aka haɗa wannan da wancan, baƙin mai zai riƙa zuba cikin gidan kuloci har faifan ya jiƙe ya fara sulɓi, sai an sake raba tarakta biyu.

Saman silinda: a wanke shi tas, a jiƙa da kananzir, a goge ya bushe, a shafa garin alli a tsakanin kujerun bawul da kewayen ramin nozul, a ɗan bubbuga. Inda akwai tsaga kananzir zai fito ya zana layi a kan allin. A ɗora ƙarfe miƙaƙƙe a fuskarsa a zura fila-geji (siririn ma'aunin tazara) a ga ko ya lanƙwashe. Wanda aka sha shafe fuskarsa ya yi siriri ka bar shi, bawul da nozul za su matso kusa da fistin fiye da ƙima.

Batun silib kuma: akwai mai rufin kurom, akwai na baƙin ƙarfe zalla. Ba a sa ringi mai kurom a cikin silib mai kurom, ba za su zauna da juna ba, injin zai yi ta shan mai yana hayaƙi. Sayi fistin da ringi da silib a kwali ɗaya, saiti guda.

Dan_Panteka:
Ranka ya daɗe, a kan cikakken injin Beljiyam ina da ja. Irin wannan injin ana ɗora shi a janareto da famfon ban ruwa da wasu motocin ɗaga kaya. A tarakta kuwa injin shi ne ƙashin bayanta, aksul na gaba a jikinsa yake ɗaure, don haka kaskon mai na ƙasa da farantin baya da fulawil dole su zama na tarakta. Na janareto ma gwamnansa (na'urar da ke riƙe gudun injin) an saita shi ne a gudu ɗaya. Idan za ka saya, ka sani cewa cikinsa kake saye, sauran sai ka kwaso daga tsohon naka. Kuma kayan da suka fito daga Turai a duba gefen bulok da kyau: idan ruwa ya daskare a ciki lokacin sanyinsu yakan tsaga shi, a yi walda a shafe da fenti. Sabon fenti a wuri ɗaya kawai abin tuhuma ne, kankare shi da wuƙa.

Shawarata, idan ka samu matacciyar 135 sukutum wadda giyarta ce ta lalace amma injin na juyawa da hannu, ka saye ta gaba ɗaya. Za ka samu har ƙananan abubuwan da ba a sayarwa a shago: sandunan totur, bututun mai, maƙalai, da notuna. Notunanta na inci ne, ba na milimita ba, kuma wanda ya tilasta na milimita a ramin bulok ya kashe zaren. A rubuta takardar ciniki da lambar tarakta da shaidu, domin kayan sata na yawo a wannan harka.

Mai_Injekta:
Malam Manomi, famfon injektanka na kamfanin CAV ne samfurin DPA, kuma man dizal ɗin da ke ratsa shi shi ne man shafawarsa. Shi ya sa idan ruwa ya kwana a ciki shekaru sai kan famfon da rota (ƙarfen da ke juyawa a cikinsa) su yi tsatsa su kafe. Waɗannan biyun tare aka ƙera su, tare ake canja su, ba a ɗauko rota daga wani famfo a zura a wani kai. Idan za ka sayi na hannu, lambar da ke kan farantinsa ta dace da ta naka, ka juya shaf da yatsu ka ji yana tafiya ba tare da kamewa ba, kuma ku yi sharaɗi da mai kaya cewa sai an ɗora shi a injin gwaji kafin ciniki ya faɗa. Wajen ɗaurawa a daidaita layin da aka zana a bakin famfon da na jikin injin. A wanke tanki, a sa sabuwar filta lamba 296, in ba haka ba dattin da ya kashe na farko zai kashe na biyu.

Oga_Tantan:
Saura haidirolik. Kada ka yi saurin sayen famfo. Fara kwance man giya, kusan lita 30 ne, kuma shi ɗin ne famfon ke sha. Idan ya fito fari-fari, ruwan sama ne ya shiga ta yagaggun robobin sandar giya, kuma sau da yawa kwantirol bawul ne kawai ya kafe a cikin famfon. Zuba sabon mai, buɗe murfin gefe na dama, ka duba ciki injin na aiki, hannunka a waje: idan mai na kwarara daga sama, silindar ɗagawa ce ko ringinta ko bututun da ke kai mata mai. Idan ta tabbata famfon ne, ƙirga haƙoran shaf ɗinsa, akwai mai 10 akwai mai 21, kuma ba sa shiga wurin juna. Ka duba ma ko tarakta mai Multi-Power ce (mai giyar da ake ƙara ko rage gudu ba tare da taka kuloci ba), domin ita tana da ƙarin ƙaramin famfo a kan babban, kuma ba ta tashi da turi.

Manomin_Kadawa:
Allah ya saka da alheri, iyayen gidana. Lambar injin da CE ta fara, giyar kuma mai shida ce gaba biyu baya, ba Multi-Power. Za a fara kai karanshaf awo. In an haɗa injin, nawa ake barin tazarar bawul?

Mai_Karanshaf:
Milimita 0.30, na shiga da na fita duka, injin a sanyaye. Bayan ya yi aiki ya ɗauki zafi a sake bin notunan saman silinda da sufana mai awo, daga tsakiya zuwa waje, sannan a maimaita saitin bawul ɗin domin ɗaurin yana canja shi.