Ƙarfen sabis a bayan ofis da ciwon daji, akwai binciken da ya tabbatar?

Ummu_Haidar ta rubuta:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Dan Allah masu ilimin abun ku taimaka min. Ina aiki a wani kamfani nan cikin garin Kaduna, akwai ƙarfen sabis da aka kafa a filin bayan ofis ɗinmu katanga ce kawai tsakani, janareton su ma wuni muke muna jin ƙarar shi. Toh bara baba mai gadinmu ya rasu Allah ya jiƙan shi, likitoci suka ce kansar hanta ce, yanzu kuma wata anti da muke aiki tare an gano tana da sankarar mama tana zuwa asibitin koyarwa na Shika ana mata magani. Tunda abun nan ya faru ofis ya rikice, babu mai yarda ya zauna a ɗakin baya, har wata ta ajiye aiki, oga kuma cewa yayi wanda ba zai iya ba ga hanya nan. Ni kuma ina mastas ɓangaren lafiyar al'umma, an ce in kawo maudu'in furojet, shine nake tunanin in yi akan wannan tunda abu ne da ya dame ni da gaske. Shin akwai binciken masana da ya tabbatar ƙarfen nan na sa kansa? kuma in na ɗauke shi a matsayin bincike zai yiwu?

Injiniya_T/Wada ya rubuta:

Wa'alaikumus salam Hajiya. Allah ya jiƙan baba ya ba antin ku lafiya. Ni aikina kenan hawa ƙarfen nan da saita eriya, bari in faɗi ɓangaren da na sani.

Abun da mutane basu sani ba shine wanda ke gindin ƙarfen ba shi ne ke shan sigina mafi yawa ba. Fararen akwatunan nan dogaye da kike gani a sama ba ƙasa suke harbawa ba, gaba suke harbawa kamar hasken cocila in ka riƙe ta a miƙe, ɗan sunkuyar da su muke yi kaɗan don siginar ta sauka can gaba inda gidaje suke, kuma duk sanda nisa ya ninka biyu ƙarfin komawa yake kashi ɗaya cikin huɗu. Wayar da ke manne a kunnenki ita ce tafi kusa da ke, a layin GSM 900 tana iya kai wat 2 in sabis yayi rauni don dole ta ƙara ƙarfi ta kamo ƙarfen da ke nesa, in kuma ƙarfe na kusa sai ta rage da kanta. Wato in aka cire na bayan ofis ɗinku wayoyinku ne za su ƙara fitar da wuta ba ragewa ba.

Sannan irin igiyar ma abun dubawa ne. Layukan mu na aiki ne tsakanin megahaz 700 zuwa 2600, ita 5G da NCC tayi gwanjonta a Disamba 2021 tana gigahaz 3.5. Hasken da idonki ke gani ya ninka wannan sama da sau 100,000 wajen saurin kaɗawa, kuma sai an wuce shi an shiga sashen hasken rana mai ƙona fata da hoton eksire na asibiti ake samun ƙarfin da zai lalata DNA kai tsaye. Abun da aka tabbatar siginar rediyo na yi wa jiki shine ɗumama in tayi yawa sosai, a kan haka ICNIRP, hukumar ƙasa da ƙasa mai tsara ƙa'idar kariya daga irin wannan igiyar, ta gina iyakar da ta sa a 1998 ta sabunta a 2020. Mu da ke hawa mu tsaya daf da gaban eriya mu ne ake cewa a kashe sashen kafin mu fara aiki, kuma wallahi abun da ke hallaka 'yan aikin mu faɗowa ne da wutar lantarki. Kar ki manta kuma garin nan tun 1962 ake watsa rediyo da talbijin daga cikin shi, su ma da igiyar rediyo ne.

Abu ɗaya da zan ce ki duba, dokar hukumar kare muhalli NESREA ta 2011 ta ce a bar tazarar mita 10 tsakanin ƙarfen da katangar gida ko wajen aiki, ki sa a auna muku. Ki kuma duba inda bututun hayaƙin janareton ke kallo, in tagar ɗakin baya yake feso wa toh wannan ne abun ƙorafi na gaske don hayaƙin dizal tun 2012 aka sa shi a rukunin abubuwan da aka tabbatar suna sa kansar huhu.

Maman_Sadiq_Samaru ta rubuta:

Ƙanwata sannu, na san irin tashin hankalin da kuke ciki. Ina digiri na uku ne akan ƙwayoyin halitta kuma kansar mama nake kai, don haka maganar antin ku ta taɓa ni sosai.

Ki fara lura cewa cutar biyu ce daban, a gaɓa daban, kowacce da sanannen dalilinta. Kansar hanta a ƙasashen mu yawanci daga ciwon hanta nau'in B take, mutum na ɗauke da shi tun yana yaro bai sani ba sai bayan shekara 30 ko 40 hantar ta lalace, ga kuma gubar aflatoxin da ke fitowa a gyaɗa da masara in an adana su da danshi suka yi funfuna, in biyun suka haɗu a jikin mutum ɗaya haɗarin ninkawa yake sosai. Ita gubar nan har sawu take bari, akwai ƙwayar gado mai suna TP53 wadda aikinta tsayar da ƙwayar jikin da ta lalace, aflatoxin wuri guda take yawan bugawa a cikinta, gurbi na 249, tun 1991 aka gano haka a marasa lafiya a Chaina da kudancin Afirka. Taba ma tana da nata sawun, hasken rana ma haka. Siginar waya ba a samo mata irin wannan ba. Da za ku yi wa baba mai gadi alheri, ku gaya wa iyalin shi matar shi da yaran su je a gwada su, wanda bai kamu ba akwai allurar rigakafi.

Ita kuma sankarar mama ita ce kan gaba a Najeriya, ƙiyasin 2022 ya nuna sabbin masu kansa kusan 128,000 a ƙasar nan, sama da 32,000 a ciki ta mama ce, kinga ba abun mamaki bane ta faɗo a ofis ɗaya ko da babu ƙarfe ko ɗaya a unguwar. Wasu gado ne. Wata masaniya Mary-Claire King ce ta nuna inda ƙwayar gado mai suna BRCA1 take a 1990, aka gano 'yar uwarta BRCA2 a 1995, aikin su gyara DNA in ta tsinke, wadda ta gaji lalatacciyar BRCA1 haɗarin ta na kai kashi 55 zuwa 72 cikin ɗari a tsawon rayuwa. Abun da yafi shafar mu shine binciken da Farfesa Olufunmilayo Olopade ta jami'ar Chicago da abokan aikinta suka yi da matan Ibadan aka buga a 2018, cikin mata 1,136 masu cutar kashi 14.7 na ɗauke da canjin gado, kashi 7 BRCA1, kashi 4 BRCA2, wannan yawa ne sosai. Kuma ki lura Ibadan ne, mu nan Arewa da auren zumunci da manyan dangin mu bayanan mu sun yi ƙaranci ƙwarai a irin waɗannan binciken, shi yasa nake ta roƙon ɗalibai su shigo fannin.

In kina da kusanci da antin ki tambaye ta a hankali, ba a gaban mutane ba, ko mahaifiyarta ko yayyenta ko gwaggonninta akwai wadda tayi ciwon mama ko na ƙwan mahaifa musamman kafin shekara 50. Dangin uba ma ana lissafawa, mutane na mantawa da wannan. In gadon ne kowane ɗa nata mace ko namiji rabi da rabi ne zai iya ɗauka, likitanta ya kamata ya ji wannan tarihin.

Danliti_Rigasa ya rubuta:

Ni dai ban gamsu gaba ɗaya ba gaskiya. Ai hukumar lafiya ta duniya da kanta ta faɗa a 2011 cewa siginar waya zata iya sa kansa, kuma na karanta anyi gwaji da ɓeraye a Amurka sun kamu. Kamfanonin nan kuɗi gare su, injiniya kuma kai abincin ka ne dole ka kare su, ba zagi ba.

Maman_Sadiq_Samaru ta rubuta:

Malam Danliti abun da ka kawo duk ya faru, kuma tambaya ce mai kyau. Cibiyar IARC, sashen binciken kansa na hukumar lafiyar da ke Lyon a Faransa, ita ce ta sa siginar a rukunin 2B a Mayu 2011, rukunin da ake sa abun da hujjar shi ke da rauni ba a tabbatar ba ba a kuma kore ba, taba da aflatoxin da hayaƙin dizal su suna rukuni na 1 ne, na abubuwan da aka tabbatar suna sa kansa. Kuma hujjar da suka dogara da ita akan masu yawan kara waya a kunne take ba maƙwabtan ƙarfe ba. Na ɓerayen an fitar da rahoton shi a 2018, awa 9 kullum ake haska musu duk jiki har shekara biyu, mazan ne aka ga ƙari a zuciyar wasu, kuma waɗanda aka haska ɗin sun fi waɗanda ba a haska ba tsawon rai, shi yasa masana ke taka tsantsan da shi. Bayan nan a 2024 hukumar lafiyar ta sa an tattara bincike 63 da aka yi akan mutane daga 1994 zuwa 2022, masanan hukumar gwamnatin Ostareliya suka jagoranta, basu ga alaƙa tsakanin waya da kansar ƙwaƙwalwa ba har ga wanda ya shekara goma yana amfani da ita. Ana ci gaba da bincike kuma ya kamata a ci gaba.

Malam_na_Kawo ya rubuta:

Ummu Haidar 'yata, ni koyarwa nake kuma na duba furojet da dama, bari in amsa tambayarki ta biyu. In kika rubuta cewa za ki gano ko ƙarfen sabis na sa kansa da takardar tambayoyi ga mutum ɗari ko ɗari biyu, ranar kare aiki za a tsayar da ke tun shafin farko, don tambaya ce da ke buƙatar dubban mutane da bibiya ta shekaru, mutum biyu a ofis ɗaya ba za su amsa ta ba. Amma akwai bincike mai kyau a cikin labarinki da baki gani ba. Ma'aikata sun tsorata, wata ta bar aikinta, shugaba ya ƙi sauraro, mara lafiya na zirga-zirga Shika, shin albashinta na tafiya? hutun jinya nawa aka bata? wa ya zauna da ku yayi muku bayani? Wannan ana iya auna shi, ki ɗauki ofisoshi da shaguna da ke kusa da ƙarafa da waɗanda ke nesa ki duba me suka yarda da shi, daga ina suka ji, ya ya shafi barcin su da zuwan su aiki. An sha gwadawa a Turai, a sa mutum a ɗaki a ce an kunna sigina alhali ba a kunna ba ya fara ciwon kai na gaske, shi kan shi tsoron cuta ne kuma ba ƙarya mutum yake ba.

In kuma kansar wajen aiki ce ke ranki toh ki shiga Panteka ki ga masu walda babu abun rufe hanci, hayaƙin walda an sa shi rukuni na 1 a 2017. Ga masu zuba mai a gidajen mai da 'yan bumburutu da ke zuƙar tiyo da baki, sinadarin benzene da ke cikin fetur na sa kansar jini. Ga ma'aikatan jinya masu aikin dare, shi ma yana rukunin 2A wato sama da na waya. Fannin nan tsoho ne, tun 1775 wani likita a Landan Percivall Pott ya lura masu share bututun hayaƙi tun suna yara na kamuwa da wata kansa. Ki karanta dokar diyyar ma'aikata ta 2010 wadda ta wajabta wa mai kamfani zuba kashi 1 na jimlar albashi a asusun NSITF, ki tambayi mutanen da za ki yi hira da su nawa ne suka taɓa jin ta. Duk wanda kika zaɓa sai kin samu amincewar kwamitin ɗa'ar bincike kafin ki tambayi kowa, kuma kar sunan antin ko na kamfanin ya fito a rubutun ki.

Ummu_Haidar ta rubuta:

Allah ya saka muku da alheri ya ƙara ilimi. Baba na Kawo na farkon nan ya kwanta min, zan kai wa sufabaiza na. Amma ina so in haɗa da awon siginar ko a wurare kaɗan ne don in samu abun nuna wa mutanen da ido. Injiniya manhajar waya zata yi?

Injiniya_T/Wada ya rubuta:

A'a Hajiya ba zata yi ba, manhaja ƙarfin layin da sim ɗinki ke kai kawai take nunawa, bata haɗa sauran kamfanoni da rediyo da wifi. Na'urar awo ta musamman ake buƙata wadda aka daidaita ta da takardar shaida, ki tambaya a sashen injiniyan lantarki ko fiziks na makarantar ku ki samu wani ɗalibi ku yi tare. Ku auna a tsayin kan mutum, ɗakin baya da ɗakin gaba da bakin titi, da safe da kuma yamma lokacin da layi ke cika, kowa ya kashe wayar shi lokacin awon, sai ku kwatanta da iyakar ICNIRP. Malam Danliti in kana da lokaci kazo ranar ka riƙe na'urar da hannunka ka karanta lambar da kanka.