Na kasa gane kabarin Baba

Ɗan Garwa a Duwala:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Juma'ar nan na iso Garwa bayan shekara huɗu, ko hutawa ban yi ba na wuce makabarta. Wallahi na yi ta zagaye har rana ta take, ban gane kabarin Baba ba. Ranar da muka rufe shi, ni da hannuna na kife tsohon kwanon shansa a wajen kai, gindin wata darbejiya mai reshe biyu. Yanzu an sare darbejiyar, kwanon babu, ruwan damina ya baje tudun, sababbin kaburbura sun kai har bakin hanya. Hajiyarmu ta tambaye ni ko na ziyarce shi, na ce eh, bakina ya kasa faɗa mata gaskiya. In Allah ya sa na gano wurin, ya halatta in ɗora bulo in rubuta suna?

Malam na Ngaundere:
Wa alaikumus salam ɗana, Allah ya jiƙan mahaifinka. Alama ba laifi ba ce. Manzon Allah (SAW) da kansa ya ɗauko dutse ya ajiye a kabarin Usman bin Maz'un don ya riƙa gane shi. Yin gini a kan kabari da yi masa shafe aka hana, rubutu kuma malamanmu na Malikiyya sun karhanta shi. Dutse mai nauyi ya ishe ka. Addu'a kuwa ko daga bakin ƙofa ka yi, za ta isa.

Yaya daga Marwa:
Ƙanena, nemi dattijon da ya fi daɗewa cikin masu haƙa. Ba suna suke riƙewa ba, maƙwabta suke riƙewa. Ka tuna wa aka binne a satin da Baba ya rasu? Ta haka mijina ya gano na Innarmu. Kuma ka faɗa wa Hajiya, za ta fi ka tuna satin.

Kawu direba:
Ahmadou Ahidjo, shugaban ƙasar Kamaru na farko, ɗan Garwa ne, tun 1989 yana kwance a makabartar Yoff a Dakar, matarsa Germaine ma can aka kai ta a 2021. Duk lokacin da na tuna sai in ji nauyi a ƙirji. Naka uban ƙasar Garwa ce ta rufe shi, ɗana.

Ɗan Garwa a Duwala:
Na gode ƙwarai. Yaya, na faɗa mata jiya da dare. Ta yi kuka, sannan ta ce kwana biyu tsakaninsa da ladanin masallacinmu. Gobe bayan asuba ɗan ladanin zai raka ni, na riga na samo dutse.