Me za mu kira web directory da Hausa? Ni dai na tsaya a kan fihirisa

Assalamu alaikum jama'a. Ina neman kalmar Hausa ta abin da Turawa ke kira web directory, musamman irin wanda mutane ke tsarawa da hannunsu a kyauta. Ina rubuta wa masu koyon kwamfuta ɗan bayani kan yadda ake shigar da shafin intanet a irin wannan wuri, kuma ba na son in rubuta "darektori", don duk wanda ya ji zai ɗauka ofishin darakta ake nufi.

Bari in fara bayyana abin, tunda yawancin matasanmu ba su riske shi ba. Kafin Google ya mamaye ko'ina, in kana neman shafi sai ka shiga wani wuri da aka jera shafuka bisa maudu'i. Ka danna babban maudu'i, ya buɗe maka ƙanana, ka yi ta gangarawa har ka iske jerin shafuka, kowanne da sunansa da ɗan bayani layi ɗaya ko biyu. Da haka Yahoo ya fara a 1994, a hannun Jerry Yang da David Filo, lokacin suna ɗalibai a jami'ar Stanford. A 1998 Rich Skrenta da Bob Truel suka ga ma'aikatan Yahoo ba sa iya cim ma yawan shafukan da ake buɗewa, sai suka kafa nasu, suka ce duk mai sha'awa ya zo ya kama aiki. Sunansa na farko GnuHoo, ya koma NewHoo, kamfanin Netscape ya saye shi a shekarar, aka raɗa masa Open Directory Project, amma DMOZ aka fi saninsa da shi. Daga baya ya faɗa hannun kamfanin AOL, wanda ya rufe shi a watan Maris na 2017. Editocin, wato masu duba shafukan a kyauta, ba su watse ba, suka ɗauki aikin suka ci gaba da shi da sunan Curlie.

Yadda ake shiga kuwa, mai shafi ne zai bi maudu'an nan da kansa har ya kai wanda ya fi dacewa da shi. Mai shagon atamfa a Kano, misali, ba ya tsayawa a babban sashen kasuwanci na duniya. Zai bi ta sashen yankuna, ya shiga Afirka, ya shiga Najeriya, ya gangara iya gangarawa. A nan zai sami fom mai gurabu kaɗan: adireshin shafi, sunansa, bayaninsa a kalmomi 25 zuwa 30, da imel. Ya aika sau ɗaya, a wuri ɗaya. Sai jira. Wani mutum da ba a biyansa ko sisi, wanda wataƙila bayan ya taso daga aikinsa ne yake zama, shi zai buɗe shafin ya duba. Yana iya karɓa, yana iya mayar da shi wani sashe, yana iya sake rubuta bayanin gaba ɗaya, yana kuma iya ƙi ba tare da ya ce maka uffan ba. Mutane sun yi watanni suna jira, wasu har shekaru. Wannan ɗan adam ɗin da ke tsakiya shi nake so kalmarmu ta riƙe.

Bayan na yi wannan tambaya, jama'a sun turo kalmomin da suke ganin sun dace. Na gode da shawarwarin da suka shigo, bari in bi su.

Ƙanina da ya ce "jerin shafuka", ba ka yi laifi ba, amma jeri ya yi faɗi. Abin da Google ke fito maka da shi in ka yi bincike ma jeri ne. In muka ce jeri, yaro ba zai bambance tsakanin abin da inji ya kwaso cikin ƙiftawar ido da abin da mutum ya zauna ya zaɓa ba.

"Rumbu" kuwa mun riga mun ba shi aiki, muna cewa rumbun bayanai. Sannan rumbu abin da ke cikinsa yake riƙe da shi, wannan wuri kuma bai ajiye shafin kowa ba, hanya kawai yake nunawa. Da wannan dalilin na ajiye "taska" da "ma'adana". "Jagora" ta fi su kusa, sai dai duk littafin koyar da wani abu jagora muke ce masa.

Ɗan'uwanmu na Damagaram ya ce su a Faransanci annuaire suke ji, kalmar da ake kiran littafin lambobin waya da ita. Manyanmu na wannan ɓangaren ma za su tuna da na NITEL, tsohon kamfanin wayar Najeriya. To amma littafin waya duk wanda ke da layi yana ciki, ba wanda ke duba cancantarsa, kuma bisa haruffan suna ake jera shi. Namu bisa maudu'i ne, kuma ana tacewa.

Malama, ke kika kawo "kundi", kuma shi ya fi ba ni wahalar ajiyewa. Gaskiyarki, kundi yana da daraja a kunnen Bahaushe, kuma kundin malam abu ne da mutum ya tara da hannunsa, ya zaɓa, ya killace. "Kundin shafuka" yana da daɗin faɗa. Abu biyu ne suka hana ni. Na farko, kayan da muka ɗora wa kundi sun yi yawa: kundin tsarin mulki, kundin digiri, kundin tarihi, kundin sani. Na biyu, in ka buɗe kundi, ilimin kansa za ka tarar a ciki. In ɗalibi ya ji kundin shafuka zai sa ran karanta shafukan a nan, alhali suna da adireshi da taƙaitaccen bayani kawai zai gani.

Kalmar da nake ganin ta zauna daram ita ce fihirisa. Duk wanda ya zauna gaban malami da littafin fiƙihu ya san ta. Ka juya ƙarshen littafi, ga babi, ga fasalolin da ke ƙarƙashinsa, ga lambar shafi a gefe. Ba ta ɗauke da karatun, tana gaya maka inda yake. Bisa maudu'i take tafiya, daga babba zuwa ƙarami. Kuma wanda ya san littafin ne yake tsara ta. Ba ma a littafi ɗaya kalmar ta tsaya ba tun asali, don a Bagadaza, wajen shekarar 987 Miladiyya, Ibn al-Nadim, mai sana'ar littattafai, ya jera littattafan da ya sani a zamaninsa fanni-fanni, ya kira aikin al-Fihrist. Abin da ya yi wa littattafai shi editocin DMOZ suka yi wa shafuka.

Wani alherin kuma, fihirisa tana zuwa da 'yan rakiyarta. Babban maudu'i ya zama babi, na ƙarƙashinsa ya zama fasali. Sai ka ce wa ɗalibi, nemi babin yankuna, ka gangara zuwa fasalin Najeriya. Ba sai an yi masa dogon sharhi ba. Kalmar "shafi" ma da muke kiran website da ita daga littafi muka ɗauko ta, don haka fihirisar shafuka ba baƙuwar haɗuwa ba ce.

Yallabai da ka ce 'yan boko zalla ba su san fihirisa ba, haka ne, akwai waɗanda ba su taɓa jin ta ba. Amma su ɗin ma ba su san web directory ba. Tunda dole sai an koya musu wata kalma, gara a koya musu wadda iyayensu za su gane in sun faɗa a gida.

Yanzu ga inda na fi damuwa, wato kalmar da za mu kira shigar da shafi da ita. Na ga mutum biyu sun rubuta "yin rajistar shafi", kuma ina roƙon mu bar wannan. Rajista a wurinmu hakki ce: ka cika fom, ka biya abin da aka ce, a ba ka shaida, in an ƙi ka yi ƙorafi. A DMOZ, lokacin da yake aiki, rubutun da ake dannawa cewa yake ka ba da shawarar adireshi, kuma ba a karɓar kuɗi. Yahoo ne ya riƙa karɓar dala 299 daga shafukan kasuwanci, shi ma kuɗin dubawa ne, ba alkawarin shiga ba. Rashin gane wannan ya jawo ɓacin rai mai yawa a wancan lokaci. Bayanan DMOZ kyauta ne ga mai son kwafa, Google kansa ya yi amfani da su a tasa fihirisar har zuwa 2011, don haka shiga sau ɗaya na nufin mahaɗinka, wato abin da ake dannawa ya kai mutum shafinka, ya bazu a wurare da dama, injinan bincike kuma suna ƙirga mahaɗai wajen zaɓar shafin da za su sa a gaba. 'Yan kasuwa suka yi ca, wasu suna aikawa sau goma a fasali goma, abin da ke ƙara tara wa editoci aiki ya kuma sa a ɗauki mai shi ɗan damu. An kuma sha zargin wasu editoci da fifita nasu shafukan. In muka koya wa yaranmu "rajista", mun koya musu jiran abin da ba a yi musu alkawarinsa ba. Ni "gabatar da shafi" nake so. Mai gabatarwa ya san akwai wanda zai duba.

Wanda zai duba ɗin fa? "Edita" ta riga ta zauna a Hausar jarida da rediyo, ba sai mun taɓa ta ba. Na guji "'yan sa-kai" da gangan, don a Zamfara da Katsina yau in ka faɗe ta, masu gadin gari da bindiga ne za su zo wa mutum a rai. "Aikin sa-kai" dai har yanzu yana nan da ma'anarsa, saboda haka "editocin sa-kai" ya wadatar.

Gurbin bayani kuma "taƙaitaccen bayani" ne, kada a ce talla. Mai shago zai so ya rubuta: "Mu ne na ɗaya a Arewa! Atamfa, leshi, shadda, araha, araha, sai ka zo!" Edita zai goge wannan kaf, ya rubuta: "Shagon atamfa da shadda a Kano. Akwai hotunan kaya, farashi da yadda ake yin oda." Wanda ya rubuta irin na biyun tun farko ya sauƙaƙa wa edita, ya kuma sauƙaƙa wa kansa. Haka sunan shafi, sunansa na gaskiya ake so, ba tarin kalmomin jan hankali ba. Shafin da ba a gama ginawa ba, ko wanda kwafin wani ne, ba a karɓa.

Malama ta dawo ta ce ta yarda da fihirisa, da sharaɗin a riƙa cewa "fihirisar shafukan intanet" a karon farko kafin a gajarta. Na karɓa. Ga yadda jimlar farko ta bayanin za ta kasance: "In kana so shafinka ya shiga fihirisar shafukan intanet irin ta Curlie, nemi fasalin da ya fi dacewa da shi, ka gabatar da shi sau ɗaya tare da taƙaitaccen bayani, sannan ka jira editan sa-kai ya duba."