Neman kalma: me za mu kira "kod" ɗin da kwamfuta ke karantowa a mota?

Mai shirin rediyo: Salamu alaikum. Gobe da ƙarfe 10 zan ɗauki shiri kan gyaran mota. Idan fitilar inji ta kama, bakanike ya soka na'ura a ramin nan mai fil 16 da ke ƙarƙashin sitiyari, sai ta fito da abu kamar P0301. Me sunansa da Hausa? Na rubuta "lambar matsala" amma bai kwanta min ba.

Direban haya: Lambar cuta mana. Mota ba ta da lafiya, an kai ta asibiti.

Malamin Hausa: Muna da kalma tun kaka da kakanni: kurman baƙi. Rubutu ne da sai mai sani ke warware shi. "Kurman baƙin mota." An gama.

Bakanike: Malam, da girmanka, ba kurma ba ne. P na nufin inji da giya, B jikin mota, C birki da ƙafafu, U sadarwa tsakanin kwamfutocin motar. P0301 silinda ta 1 ce ba ta ƙona mai daidai. Tun 1996 motocin da ake sayarwa a Amurka ke bin wannan tsari. Yarona ma ya haddace. Mu dai kod muke cewa.

Malamin Hausa: Ga irinta nan. Kod, sansa, filogi, kwayil. Nan da shekara nawa jikokinmu za su rasa bakin magana?

Bakanike: To inji da mota fa, Malam, daga Daura suka zo?

Direban haya: Har abin tace hayaƙin salansa indomi suke ce masa, kuma duk gareji an gane.

Malamin Hausa: Abin kunya ke nan, ba abin alfahari ba. Balarabe ya ƙera kalmominsa, mu muna kiran ƙarfe da sunan taliya.

Mai shirin rediyo: Don Allah a dawo kan hanya, dare na yi.

Bakanike: Hajiya, "cuta" da "matsala" duk suna da haɗari ɗaya. Mai sauraro zai ɗauka lambar ta faɗi abin da ya lalace. Ba haka ba ne. P0171 cewa take iska ta rinjayi mai a cikin inji, shi ke nan. Yana iya zama tiyo ya tsage, ko famfon mai ya yi sanyi, ko sansa mai auna iska ta yi datti. Na sha ganin wanda ya sayi sabuwar sansa alhali tiyo ne. Wasu kuma su goge lambar, fitila ta mutu, a karɓi kuɗi, bayan kwana biyu ta dawo. Mota kuka take, ba ta ce ga ciwon ba.

Mai shirin rediyo: To "lambar koke"? Mota ta kai koke, bakanike ya yi bincike.

Direban haya: Ta zauna a baki.

Malamin Hausa: Koke a gaban hukuma ake kai shi. Amma ta fi kod, ban musa ba. Ni dai a ajina kurman baƙi zan koyar.

Bakanike: Ki ambaci kod ko sau ɗaya ne, kada mutum ya zo gareji yana neman lambar koke yara su tsaya kallonsa.

Mai shirin rediyo: Na rubuta: "lambar koke, wadda makanikai ke kira kod." Saura "birenbos", kwamfutar da ke sarrafa inji, wa ke da shawara?

Malamin Hausa: Ƙwaƙwalwar mota. Wannan kam kada wanda ya ja da ni.