Me za mu kira "laws of nature" da Hausa?

Assalamu alaikum 'yan'uwa masu kishin harshe. Kalma ce guda ta hana ni sakat tun makon jiya, na ce bari in kawo ta gabanku.

'Yar ƙanwata, wadda ke aji biyu na ƙaramar sakandare, ta kawo mini littafinta na kimiyya bayan sallar isha'i. Babu wuta, ina haska mata da fitilar waya muna bi layi-layi, har muka iso inda aka rubuta "laws of nature". Na ce mata, dokokin ɗabi'a ke nan. Sai ta ɗago kai ta ce, "Kawu, ɗabi'ar wa? Kuma wa ya ba ta ikon kafa doka, ba Allah ne mai iko ba?" Abin ya tsaya mini a rai. Yarinyar nan ba ta da rigima da kimiyya. Fassarata ce ta haɗa faɗa tsakanin abin da ta koya a Islamiyya da abin da ke littafin boko.

Don haka na fara jefar da ɗabi'a. A Larabci kalmar tana ɗaukar ma'anar "nature", amma a bakin Bahaushe ɗabi'a hali ce, shi ya sa muke cewa wane yana da ɗabi'u nagari. Ga kuma wani tarko: duk wanda ya zauna a zaure ya ji malaman tauhidi suna gargaɗi kan ƙudurta cewa wuta tana ƙonawa da ɗabi'arta, ita kaɗai, ba da ikon Allah ba. To malamin kimiyya ya tsaya a gaban allo ya ce "ɗabi'a ce ta yi", ai ya taɓa wurin da ke ciwo ba tare da ya sani ba.

Doka ma ba ta zauna mini ba. Doka akan kafa ta, akan karya ta, a kama mutum a hukunta shi. Dutsen da ka jefa sama ba tsoron hukunci ne ke dawo da shi ƙasa ba. Abin da Isaac Newton ya wallafa a 1687 bayani ne da lissafi na yadda abubuwa ke jan juna, kullum haka, ko a Ingila ko a Kano.

Wani aboki ya ce a yi amfani da yanayi. Wannan ya tafi ga zafi da sanyi da damina, mu bar shi can.

Wadda ta fi jan hankalina ita ce al'ada, domin tun da daɗewa malamanmu suna da ita. A karatun tauhidi na Shehu Sanusi, malamin garin Tilimsan na ƙasar Aljeriya da ya rasu a 1490, wanda ake karanta littattafansa a zaurukan ƙasar nan, an kasa hukunci gida uku: na shari'a, na hankali, na al'ada. Hukuncin al'ada shi ne ka ga abu yana biyo bayan abu a kai a kai: abinci da ƙoshi, wuƙa da yanka, wuta da ƙuna. Imamu Gazali, wanda ya rasu a 1111, ya buga misali da wuta da auduga, ya ce abin da ido ya gani shi ne ƙuna ta faru lokacin da suka haɗu, amma mai aikatawa na haƙiƙa Allah ne. Ibn Rushd na Ƙurɗuba ta Andalus, wanda ya rasu a 1198, ya mayar masa da martani cewa wanda ya musanta sabubba ya rushe ilimi. Sun yi saɓani mai zurfi, amma ku lura, babu wanda ya musa cewa bisa al'ada audugar tana ƙonewa idan aka kai ta wuta. Wannan maimaituwar ita ce filin da masanin kimiyya yake noma. Shi ya sa ma ake kiran mu'ujiza abin da ya saɓa wa al'ada.

Matsalar ita ce al'ada a Hausar yau ta cika da kaya: al'adun aure, al'adun gargajiya, har da al'adar mata. Ka ce wa ɗan aji biyu "al'adar halitta", tunaninsa zai tafi wani wuri.

Saboda haka ni dai na tsaya kan ƙa'idar halitta, jam'i ƙa'idojin halitta. Ƙa'ida muna da ita a nahawu da lissafi, abin da aka gano ta hanyar bibiya har aka ga yana tafiya bai ɗaya. Halitta kuwa tuni tana cikin ajin kimiyya, tunda muna cewa ilimin halittu, kuma Bahaushe Musulmi da Bahaushe Kirista duk da ita suke kiran sammai da ƙasa.

Na gwada ta da husufi. Ranar Laraba 29 ga Maris 2006, rana ta yi husufi cikakke da hantsi a Gusau da Katsina, kuma masana sun sanar da lokacin tun kafin ranar. Husufi iri ɗaya yakan dawo bayan shekara 18 da kwana 10 ko 11 da kusan awa 8, shi ya sa ɗan'uwan wancan ya faɗo a Meziko da Amurka da Kanada ranar 8 ga Afrilu 2024. Na ce wa yarinyar, wannan ƙa'idar halitta ce, da irin lissafinta ake buga jadawalin lokutan sallah da ke manne a bangon masallacinmu. Na tuna mata kuma cewa ranar da Ibrahim ɗan Manzon Allah (SAW) ya rasu rana ta yi husufi, mutane suka ce saboda rasuwar ne, shi kuwa ya ce rana da wata ayoyi ne daga ayoyin Allah, ba sa husufi don mutuwar wani ko rayuwarsa, ya kuma umarci a yi sallah. Ta ɗauki biro ta rubuta kalmar a gefen shafin.

Wani dattijo ya ce mini me zai hana a ce sunnar Allah kawai. Baba, a wa'azi ita ce daidai, kuma ita na yi imani da ita. Amma a takardar jarrabawa ana son kalmar da ɗalibi zai auna ya lissafa a ƙarƙashinta, idan gobe aka gano kuskure a lissafin a gyara, ba tare da an ce an gyara sunnar Allah ba.

Malamanmu na Maraɗi da Damagaram da ke fassarowa daga Faransanci, ku da wace kalma kuke yi wa yara bayani a aji?